Alƙalami na goma a lambar asusunka: me yake gadi?

A Kantin Kwari ko kasuwar Singa, ciniki ya faɗa sai ka ji "Alhaji, karanto min lambar akawun." Alƙaluma goma ne, ko wane banki. Ƙa'ida ce da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar a 2010, mai suna NUBAN. Kafin ta, kowane banki da tsawon lambarsa.

Tara na farko banki ne ke ba ka su. Na goman kuwa ba a zaɓarsa, lissafi ke fito da shi. Kowane babban banki yana da lambarsa mai alƙaluma uku: First Bank 011, UBA 033, GTBank 058. Sai a jera lambar bankin da taran nan, su zama goma sha biyu, a ninka su bi da bi da 3, 7, 3, 3, 7, 3 har ƙarshe, a tara jimla. Abin da ya rage jimlar ta cika goma ta gaba, shi ne alƙalami na goma.

Ga misali: 011 da 000001457. Ninkin ya ba da 7, 3, 3, 12, 35 da 21, sauran duk sifili. Jimla 81. Saura 9 ta kai 90, don haka asusun ya zama 0000014579.

Zaɓen 3 da 7 ya burge ni ƙwarai. Babu wadda 2 ko 5 ke raba ta a cikinsu, saboda haka in yatsa ya zame ka sauya alƙalami guda ɗaya tak, ƙarshen jimlar dole ya canza, lambar ta ƙi dacewa da bankin. Da 5 aka ninka, da wanda ya buga 3 a madadin 1 ya wuce salin-alin.

Amma gadin yana da kafa, kuma nan ya kamata 'yan kasuwa su buɗe ido. Akwai gurabe biyu a cikin taran inda 3 ke maƙwabtaka da 3. Juya 1 da 4 a misalinmu, ka samu 0000041579: jimla tana nan 81, lissafi ya amince, alhali asusun na wani ne daban. Haka kuma lamba ɗaya tana iya dacewa da banki fiye da ɗaya, tunda alƙalamin ƙarshe bai wuce daga 0 zuwa 9 ba. Asusun OPay kuwa lambar wayarka ce aka cire mata sifilin farko, ba wannan lissafi ya haife ta ba.

Lissafin bai san sunan kowa ba. Idan mai POS ya buga lambar, ka ce ya karanto maka sunan da ya fito da na bankin, ka ji sun yi daidai da na mai kaya, sannan ka sa lambar sirrinka.