Daina Shan Sigari

Daina shan sigari shi ne mutum ya rabu da zuƙar hayaƙin taba gaba ɗaya, ya kuma ci gaba da rayuwa ba tare da ita ba. Aiki biyu ne da ake yawan ɗauka ɗaya: ajiye tabar, wanda wahalarsa ta 'yan makonni ce, da kuma tsare kai daga komawa, wanda ke cin watanni ko shekaru. A binciken likitoci ba a cika lissafa mutum cikin waɗanda suka daina ba sai ya yi wata 6 ko shekara guda bai sha ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 kowace shekara, kuma tana iya zama ajalin kusan rabin waɗanda suka ƙi rabuwa da ita.

Taba a Zariya

Asalin tsiron taba daga nahiyar Amurka yake, ya iso Afirka ta Yamma wajajen ƙarshen ƙarni na 16. Bahaushe ya san taba tun kafin zuwan sigari: akwai taba gari, akwai wadda ake zubawa a lofe, ga furen taba da mata ke goga wa haƙora tare da goro don ado. Zariya kuwa tana da nata tarihin da sigarin kwali. A ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Nigerian Tobacco Company ya gina masana'anta a garin, ya riƙa sayen ganye daga manoman ƙasar Zazzau, daga baya ya haɗe da British American Tobacco a shekarar 2000.

Binciken ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa sama, wato kimanin mutum miliyan 4.5, suna amfani da taba. Maza kashi 10, mata kashi 1.1. Mai yiwuwa adadin ya wuce haka, domin a ƙasar Hausa shan sigari abin kunya ne. Saurayi ba ya kunnawa gaban mahaifinsa ko surukinsa, mace kuwa sai a ɓoye. Kunyar tana rage masu farawa, amma ita ce kuma ke hana mai son dainawa buɗe baki ya gaya wa matarsa ko likita, sai ya yi ta fama shi kaɗai.

Abin da ke riƙe mashayi

Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Wanda ke hana dainawa dai shi ne nikotin. Daga zuƙa zuwa isarsa ƙwaƙwalwa daƙiƙa 10 zuwa 20 ne, a can yake sa a saki dofamin, sinadarin da ke sa mutum jin daɗi. Cikin kimanin awa 2 rabinsa ya bar jini, sai jiki ya fara neman ƙari. Natsuwar da mashayi ke cewa taba na ba shi, galibi sauƙi ne daga ƙuncin da ita kanta ta jefa shi.

Bayan nikotin akwai sabo. Mai shan kwali guda a rana yana kai hannu baki kusan sau 200, kuma kowane kara ya ɗaure da wani abu: shayin safe, bayan tuwon dare, jiran fasinja a Kwangila, karatun dare lokacin jarrabawa a harabar jami'a ta Samaru ko ta Kongo a Zariya. Hausawa sun ce sabo turken wawa, ko da yake wannan turke ya ɗaure malamai da likitoci ma.

Ana auna ƙarfin jarabar da wasu tambayoyi da masanin ƙasar Suwidin, Karl Fagerström, ya fara tsarawa a 1978. Wadda ta fi fito da gaskiya ita ce mai kama da wasa: "Baba, in ka farka da asuba, minti nawa kake yi kafin ka kunna ta farko?" Wanda ya ce tun kafin ya ɗauki buta, wato cikin minti 5, jarabarsa ta yi nisa, kuma shi ya fi buƙatar magani. Wanda ke iya kaiwa hantsi bai sha ba, nasa ya fi karkata ga sabo.

Makonnin farko

Alamomin rashin nikotin kan fara a yinin farko, su yi tsanani a rana ta 2 ko ta 3, sannan su riƙa ja da baya cikin mako 2 zuwa 4. Akwai saurin fushi, rashin barci, kasa tattara hankali, yawan jin yunwa da taurin bayan gida. Wasu tari kan ƙaru musu, saboda ƙananan gashin da ke share hanyar iska sun farfaɗo suna fitar da majina, in kuma abin ya zo da ƙurar hunturu sai mutum ya zaci dainawar ce ta cutar da shi. Kwaɗayin kansa kan taso ne ya lafa cikin 'yan mintoci, ko an sha ko ba a sha ba.

Maganar goro tana da muhimmanci a nan, don shi ne abin da yawancin masu dainawa ke fara jefawa baki. Hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin fitar da kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi. Da an daina, kafeyin sai ya riƙa daɗewa a jini. Goron da mutum ya saba ci ba ya jin komai, yanzu shi zai sa masa bugun zuciya ya hana shi barci, shi kuma ya ɗora laifin a kan rashin taba. Abin da ya fi shi ne a rage goro da shayi mai kauri, musamman bayan la'asar. Haka abin yake ga wasu magungunan asma da na taɓin hankali, don haka mai shansu ya sanar da likitansa kafin ya daina.

Ƙiba takan biyo baya, kimanin kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko. Illarta ba ta kama ƙafar ta sigari ba.

Hanyoyin dainawa

Yawancin waɗanda suka daina a duniya da kansu suka daina, amma a kowane yunƙuri da aka yi ba magani ba shawara, mutum 3 zuwa 5 ne kawai cikin 100 ke kaiwa shekara. Shi ya sa ake so a tsayar da rana, a zubar da ragowar kwali da ashana, a kuma gaya wa wani na kusa. Ragewa a hankali tana aiki idan akwai ranar da za a yanke gaba ɗaya. Ragewa kawai a tsaya nan ba ta tsare lafiya: wani nazari da aka buga a Ingila a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan 20 ke ɗauke da shi.

Magani na farko shi ne nikotin tsantsa marar hayaƙi, a filasta da ake mannawa a fata, ko cingam, ko alawar tsotso. Yana ƙara damar nasara da kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, ana kuma amfani da shi mako 8 zuwa 12. Cingam ɗin ba a tauna shi kamar na yara. Ana taunawa kaɗan har a ji yaji-yaji, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi. Akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa: varenicline, da bupropion wanda ba a ba mai farfaɗiya, da cytisine da ake samu daga tsiro, wanda ƙasashen Gabashin Turai ke amfani da shi tun shekarun 1960. Dukkansu suna cikin ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yulin 2024, waɗanda suka nuna haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya ya fi kowanne shi kaɗai. Ba kowane kemis ke da su ba, kuma suna da tsada. Mai nema a Zariya zai iya tambayar likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan.

Komawa shisha ko taba gari ba dainawa ba ce. Ruwan tukunyar shisha sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya tace gubar, ga kuma hayaƙin gawayi da ake haɗawa a zuƙa.

Azumi

Malamai sun daɗe suna magana kan taba. A farkon ƙarni na 17 Ahmad Baba na Timbuktu ya halatta ta, lokacin da ba a san cutarwarta ba. Yau da yawa na ganin haramun ce saboda cutar da kai da ɓarnar dukiya, wasu kuma sun tsaya a makaruhi. Abin da aka haɗu a kai shi ne tana karya azumi.

Wannan ya sa Ramadan ya zama dama babba, amma ana yawan fahimtarta a baibai. Mashayi kan yi awa 13 zuwa 14 bai sha ba, sai dai da an sha ruwa, an ci dabino, wani zai zagaya bayan shago ya kunna biyu ko uku a jere, ya ƙara wasu kafin a kira assalatu. Jikinsa bai rabu da nikotin ba ko na kwana ɗaya, lokacin sha kawai aka sauya. Mai son azumi ya raba shi da taba sai ya bar ta har da dare tun daga daren farko, ta yadda kafin goman ƙarshe mafi tsananin ya wuce. Ranar haɗari ita ce ta Sallah, da aka koma cin rana da zaman abokai. Kiristocin Wusasa da Sabon Gari a Zariya ma za su iya amfani da azumin kwana 40 na kafin Ista a kan wannan niyya.

Abin da jiki ke samu

Cikin awa 12 iskar gubar hayaƙi da ke cikin jini ta koma daidai. Bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi, bayan shekara 10 na ciwon dajin huhu ma haka. Binciken da Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara a 1951 kan likitocin Birtaniya, aka bi su shekara 50, ya nuna wanda ya daina yana ɗan shekara 30 ya ceto kusan shekara 10 na rayuwarsa, mai 50 ya ceto 6, mai 60 ya ceto 3. Taba na kusan ninka haɗarin tarin fuka, tana kuma sa ya dawo bayan an warke, abin da ya shafi masu karɓar magani a cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa da ke Saye, kusa da Zariya.

Tsare kai daga komawa

Yawancin masu komawa gidan jiya a makon farko suke komawa, amma akwai waɗanda ke faɗawa bayan shekara, kuma da wuya a ce kwali suka saya. Kara ɗaya ne. Ana zaune a teburin mai shayi a Tudun Wada, aboki ya miƙo: "Haba mutumina, ɗaya ai ba komai." Ko kuma an yi rasuwa, ko faɗa da uwargida, ko albashi ya makara. Ƙwaƙwalwar da ta taɓa sabawa ba ta mantawa, zuƙa kaɗan ta isa ta tayar da tsohuwar jaraba.

Dokar hana yaɗuwar taba da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, da sha a wuraren taruwar jama'a, da kuma sayar da sigari kara-kara. Wannan na ƙarshen shi ya fi shafar mai dainawa, shi ne kuma aka fi karyawa, don har yanzu mai tebur zai zaro maka ɗaya ya miƙo ashana kyauta. Tunda doka ba ta kawar da teburin ba, masu ba da shawara kan ce mutum ya sauya hanyar da yake bi, ya ɗan ƙaurace wa majalisar masu sha na wata 2 ko 3, ya kuma tanadi amsa tun kafin a miƙo. "Na daina" ta fi "ina ƙoƙari" rufe ƙofa.

Idan an zame aka sha, abin da ke biyo baya a kwana ɗaya ko biyu shi ke yanke hukunci. Mai amfani da filasta ba ya cire ta don ya sha kara ɗaya, ci gaba zai yi da ita. Wanda ya koma gaba ɗaya kuwa ana so ya duba abin da ya kayar da shi, ya tsayar da sabuwar rana ba da jimawa ba, a kuma ƙara masa abin da babu a yunƙurin baya, kamar haɗa filasta da cingam ko sauya zuwa varenicline.