Masu Tonon Kufai Ba Zinariya Suke Nema Ba

Da an ga matasa durƙushe a kufai suna kankare ƙasa, sai a ce tukunyar zinariya suke nema. Wannan zato ya daɗe, kuma kuskure ne.

A Birtaniya akwai ƙungiyar matasa masu koyon binciken kayan tarihi tun 1972. Abin da ake fara koya musu shi ne haƙuri: a cire ƙasa hawa-hawa, a auna, a zana, a rubuta inda kowane abu yake kwance kafin a ɗaga shi. Tsingaro da gawayi da ƙashi su ne dukiyar, domin da gawayi ake gano shekarun wuri.

Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a Yobe a 1987, yana haƙa rijiya, itace ne kawai, amma ya kai kimanin shekara 8,000. Su kuwa masu wawure gumakan Nok (tsofaffin gumakan yumɓu da ake tonowa a tsakiyar Najeriya) don sayarwa, ɓarnarsu ta wuce sata. Gunkin da aka fizge daga ƙasarsa ba tare da rubuta komai ba, ya rasa rabin labarinsa.