Gansakukar cikin fangalin shinkafa taki ce, kada feshi ya kashe ta

Manoman shinkafa na Kura da Kadawa da Auyo, da 'yan uwanmu na fadamun Argungu, ku duba ruwan da ke kwance a fangalinku makonni kaɗan bayan dashe. Za ku ga wata gansakuka mai santsi, koriya da ɗan shuɗi-shuɗi, wani lokaci da ƙananan kumfa a kanta idan rana ta take. Da yawa suna ɗaukarta datti. Alhali a cikinta akwai ƙananan halittu irin su Anabaena da Nostoc, masu zuƙo naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. In sun mutu sun ruɓe, shinkafa ta sha.

Masana sun kiyasta cewa a inda suka yi kyau, suna iya ba hekta ɗaya kilo 20 zuwa 30 na naitirojin a zangon noma guda. Buhun yuriya mai kilo 50, naitirojin ɗin cikinsa kilo 23 ne. Ku yi lissafi da kuɗin buhu a kasuwa yau.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke feshi. Waɗannan halittu da hasken rana suke haɗa abincinsu kamar ciyawa, don haka maganin ciyawa irin propanil, wanda aikinsa ke nan toshe wannan hanya, ba ya bambanta su da ciyawar. Butachlor ma, wani maganin ciyawar, yana rage musu ƙarfi idan ya yi yawa. Maganin ƙwari a ma'aunin da aka rubuta ɓarnarsa gare su ba ta kai haka ba. Amma sai ka ga mutum ya auna da gwangwanin tumatir, ya ƙara murfi biyu "don ya ci sosai", ya haɗa kala uku a famfo ɗaya. Ciyawa ta ƙone, takin da Allah Ya ba shi kyauta ya bi ta, sannan ya ce ƙasa ta gaji.

Ba a ce ku daina feshi ba. Ku bi ma'aunin jikin kwalba, wanda bai iya karantawa ba ya kawo wa malamin gona. Ku gyara fili sosai, ku daidaita shi, ku riƙe ruwa bayan dashe, domin ruwa kansa yana danne ciyawa da yawa. Wadda ta tsira nan da can a cire da hannu. Famfon kuma, don Allah kada a wanke shi a magudanar ruwa, domin fangalin maƙwabcinka ruwan zai shiga.