Rediyon kiɗan gem: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tun da na fara kunna Rainwave a shagona na gyaran waya, ba na yini ban amsa tambaya ɗaya sau biyar ba. Mutum zai kawo waya a canza masa gilashi, ya ji ana kaɗa kiɗan Mario da jita, sai ya manta abin da ya kawo shi. To ga amsoshin nan, a karanta, a bar ni in yi aikina.

A wace mita ake kama ta?

Ba ta da mita. A intanet take, kuma ba ta rufe tasha dare da rana. Ka bar rediyon Baba ya huta.

Nawa ake biya?

Ko sisi. Talla ma babu. Data dai taka ce: idan sauti yana zuwa a kan 128 kbps, awa ɗaya tana cin kusan MB 58. Yi lissafinka da kanka.

Wannan ba kiɗan yara ba ne?

Wannan tambayar ce ta fi ƙona mini rai, kuma yawanci masu gemu ke yin ta, waɗanda na san sun ƙarar da kuɗin tararsu a gidan gem. Kiɗan Super Mario Bros. da kake ji a kanka har yau, Koji Kondo ne ya tsara shi a 1985, a kan na'urar da muryoyi biyar kacal take iya fitarwa lokaci guda. Wanda aka ba ƙaramin fili irin wannan dole ya yi karin da zai zauna a kunne, don ba shi da wurin ɓuya. Shi ya sa idan aka ɗauko karin aka ba mai piyano ko mai jita, sai ka ji ashe kiɗa ne cikakke tun asali, kayan kiɗan ne suka yi masa kaɗan. Rimis ke nan: karin na nan, an sake masa riga.

Wa ya kafa tashar?

Ana haɗa abu biyu a nan. Rumbun daban, rediyon daban. Rumbun shi ne OverClocked ReMix (OC ReMix), shafin intanet da ke tara rimis ɗin kiɗan gem, wanda David Lloyd, da aka fi sani da djpretzel, ya buɗe a Amurka a Disamban 1999. Da farko shi kaɗai yake tantance abin da aka aiko. Da kaya suka yi yawa, a 2002 aka kafa kwamitin alƙalai, kuma ba su da sauƙi. Idan ka kwafo kiɗan yadda yake ka ɗora ganga a ƙasa, za su mayar maka da abinka. Sai ka nuna ka sarrafa shi, amma kada ka sarrafa har a kasa gane asalinsa. Abin da ya tsallake wannan siraɗin ya haura kiɗa 4,000, duk kyauta. A 2008 aka fitar da gem ɗin Super Street Fighter II Turbo HD Remix, wanda kamfanin Capcom ya ba mutanen rumbun aikin kiɗansa. Masu yi don sha'awa, ga shi mai kaya da kansa ya nemo su.

Rediyon kuwa, da akwai wata tasha mai suna Ormgas da masoya suka buɗe, ba ta kunna komai sai kayan wannan rumbun. A gefe guda wani mai rubuta manhaja da ake kira LiquidRain ya gina Rainwave a 2006. A 2008 Ormgas ta koma ƙarƙashin Rainwave, ta zama tashar OC ReMix da ke ciki. Cikin tashoshinta akwai ta asalin kiɗan gem, ta OC ReMix, ta waɗanda suka sake kaɗa kiɗan, ta chiptune mai ƙarar tsofaffin na'urori, da wadda ta haɗa duka. Ba su kaɗai ba ne a duniya. A Suwidin akwai SLAY Radio, wadda ta duƙufa kan kiɗan kwamfutar Commodore 64.

Wane ne DJ ɗin?

Kai ne, in ka ga dama. Ana cikin kunna kiɗa za a nuna uku da ke layi, masu saurare su kaɗa ƙuri'a, wanda ya ci shi ke biyo baya. In ka yi rajista kana iya ba kiɗa maki daga 1 zuwa 5, ka kuma nemi a sa maka wanda kake so.

Na nemi kiɗa tun ɗazu ba a sa ba, ko sun raina ni ne?

Babu wanda ya san ka, balle ya raina ka. Duk kiɗan da aka kunna ana ajiye shi ya huta na wani lokaci, shi da kundin da ya fito daga ciki, don kada masoyan gem ɗin Final Fantasy su hana kowa sakat. Kuma akwai waɗanda suka riga ka layi. Yi haƙuri, zai zo.

Zan iya sa kiɗan a bidiyona na YouTube ko TikTok?

To, a nan sai an zauna. Amsar ita ce e, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ma yana da nasa sharaɗin.

Kowane rimis masu shi biyu ne. Akwai wanda ya sake masa riga, akwai kuma mai asalin karin, wanda galibi kamfani ne kamar Nintendo ko Square Enix ko Sega. OverClocked ReMix ta yarda a yi amfani da kayanta matuƙar ba sayarwa za a yi ba, kuma aka ambaci sunan wanda ya yi da sunan rumbun. Wannan izinin nasu ne kawai. Ba za su iya ba ka abin da ba nasu ba, kamar yadda ɗan haya ba ya sayar da gida. Su kansu sun ɗanɗana: a 2012 da suka buɗe neman tallafi a Kickstarter don kundin Final Fantasy VI, sai da aka dakatar da shi, aka zauna da Square Enix, sannan aka sake buɗewa. Kundin ya fito a 2013.

Saboda haka ga yadda nake kallon abin, kuma ni mai gyaran waya ne, ba lauya ba. Idan bidiyon na nishaɗi ne, ba ka samun kuɗi da shi, ka sauke rimis ɗin daga rumbun, ka rubuta sunan mai shi, yawanci ba abin da zai same ka. Na ce yawanci. Na'urar YouTube da ke bin diddigin sauti ba ta san uzuri ba, tana iya kama bidiyon ko don wani ya yi rajistar irin sautin, ko don kuskure tsantsa, sai kuɗin talla ya tafi wani aljihu ko a toshe bidiyon a wasu ƙasashe. Idan kuwa tallar hajarka za ka yi, atamfa ko turare ko shagonka, ka shiga kasuwanci, izinin bai kai nan ba. Nemi wanda ya yi kiɗan ka tambaye shi, kuma ko ya amince, rabin hanya ka ci.

Abin da ba zan ba ka shawara ba ko kaɗan shi ne ka naɗi tashar kai tsaye ka zuba. Ba duk abin da ke tashoshin nan ne daga rumbun ba, wani asalin kiɗan kamfani ne. A farkon 2022 Nintendo ta toshe dubban bidiyoyi a tashar GilvaSunner ta YouTube, wadda ta shekara fiye da goma tana ɗora irin wannan kiɗan, har mai ita ya rufe ta. Shi ma ba sayarwa yake yi ba.

Ya halatta a saurara?

Malamai suna nan, je ka tambaye su. Ni waya nake gyarawa.

Za ka tura mini tashar ta Xender?

Ba a tura rediyo, ɗan'uwa. Rubuta sunan a burauza, zai fito. Kuɗin gilashin kuma har yanzu ba ka miƙo ba.