Ƙungiya ba gadon wanda ya kafa ta ba ce: abin da dokar Katolika ta tanada

Shekara huɗu kacal da mutuwar Waliyyi Faransis na Asisi, mabiyansa suka rasa yadda za su yi da wasiyyarsa. Kafin ya cika a 1226 ya bar musu rubutu cewa kada su nemi takardar gata daga fadar Fafaroma, kada kuma su yi wa ƙa'idar da ya ba su tawili. To amma tafiyar da 'yan tsirarun mabarata suka fara ta riga ta tara dubban mutane, ga makarantu, ga gidaje, ga marasa lafiya da ke buƙatar magani. Sai suka kai maganar gaban Fafaroma Gregory na 9, wanda aminin Faransis ne tun yana kadinal. A 1230 ya yanke hukunci cewa wasiyyar ba doka ba ce a kansu. Hujjarsa ita ce Faransis ba shi da ikon ɗora wa 'yan'uwansa sabon nauyi ba da yardarsu ba, ba shi kuma da ikon ɗaure hannun wanda zai gaje shi. Abin da ya hau kansu shi ne ƙa'idar da Fafaroma Honorius na 3 ya sa wa hannu a 1223.

Wannan ruhin ne har yau yake cikin dokar Cocin Katolika game da ƙungiyoyin 'yan zuhudu, wato fada-fada da burada-burada da sistoci masu ɗaukar wa'adin talauci da kamewa da biyayya. Kundin dokar da ake aiki da shi yanzu Fafaroma John Paul na 2 ne ya fitar da shi a 1983, kuma sashe na 573 zuwa na 746 su ne suka yi magana a kan waɗannan ƙungiyoyi.

Sashe na 578 shi ne ginshiƙi. Ya ce dole kowa ya kiyaye nufin wanda ya kafa ƙungiya da shirinsa game da yanayinta da manufarta da ruhinta da halinta. Sai dai akwai sharaɗi a tsakiyar jimlar da mutane kan tsallake: nufin da ake nufi shi ne wanda hukumar coci mai iko ta amince da shi. Ke nan ba duk abin da mai kafawa ya faɗa a zaure ko ya rubuta a wasiƙa ne doka ba. Sashen ya kuma haɗa da kyawawan al'adun da ƙungiyar ta gina daga baya. Waɗannan biyun, nufin da aka tantance da al'adun da suka inganta, su ne doka ta kira gadon ƙungiya. Abin ya yi kama da waƙafi: wanda ya bayar sunansa na nan, an kuma san abin da ya yi niyya, amma ba zai dawo gobe ya ce a mayar masa da gonarsa ba.

Daga nan sauran tanade-tanaden suka biyo. Kowace ƙungiya tana da kundin tsarin mulkinta, kuma sashe na 587 ya ce hukumar coci ce ke amincewa da shi, ba a kuma taɓa shi sai da yardarta. Idan ƙungiyar tana ƙarƙashin dayosis ne, wato yankin da bishop ɗaya ke kula da shi, bishop ɗin inda hedikwatarta take shi ne wannan hukuma. Idan ta kai matsayin da Fadar Vatican ta amince da ita kai tsaye, sai an je Roma. Ƙungiya kuma tana mallakar dukiya da sunanta, har ma sashe na 668 ya ce abin da ɗan ƙungiya ya samu da guminsa na ƙungiya ne. Mai kafawa da ya ɗauki wa'adi bai fita daga wannan ba.

Batun shugabanci ne ya fi zafi. Iko mafi girma a cikin ƙungiya yana hannun babban taronta, kamar yadda sashe na 631 ya tanada. Taron ne ke zaɓen shugaba, shi ke kare gadon ƙungiya, shi kuma aka ɗora wa sabunta ta daidai da zamani. Kowane ɗan ƙungiya, ko jiya ya ɗauki wa'adi, yana da damar aika wa taron ra'ayinsa. Sashe na 624 ya ƙara da cewa shugabanni su riƙe muƙami na ƙayyadadden lokaci, kada mutum ɗaya ya daɗe ba hutu, ko da yake ya bar ƙofa ga tsarin mulkin da ya tanadi wani abu dabam game da babban shugaba. Ta wannan ƙofar ce 'yan ƙungiyar Jesuit ke zaɓen shugabansu ba tare da ƙayyade masa lokaci ba. Babu inda doka ta ce mai kafawa ya zama shugaba har mutuwa. Uwa Teresa ta Kalkata ma ta sauka a watan Maris na 1997, aka zaɓi Sista Nirmala tana raye.

Doka a takarda ke nan. A aikace rabuwa da mai kafawa ba ta cika zuwa da daɗi ba, kuma wani lokaci mai kafawar ne ake zalunta. Jeanne Jugan, wadda ta fara ɗaukar tsofaffi marasa galihu a Faransa a 1839 har aikin ya zama ƙungiyar sistoci, 'yan'uwanta sun sake zaɓenta shugaba a 1843, sai wani fada mai suna Auguste Le Pailleur ya soke zaɓen ya naɗa wata, daga baya ma ya riƙa gabatar da kansa a matsayin wanda ya kafa ƙungiyar. Ta mutu a 1879 yawancin ƙananan sistocin da ke zaune da ita ba su san ita ce tushe ba. Sai a 1890 Roma ta tsige shi, a 2009 kuma aka ayyana ta waliyya. A Ostireliya, bishop ɗin Adelaide ya yi wa Mary MacKillop, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar sistoci, korar coci a 1871 ana cikin rikici kan wa ke da iko da sistocinta, ya janye hukuncin bayan 'yan watanni. Irin wannan shisshigi ne sashe na 586 yake ƙoƙarin toshewa, inda ya ba kowace ƙungiya 'yancin tafiyar da gidanta, ya kuma ce aikin bishop ne ya kare wannan 'yanci.

Matsalar da ta fi girgiza cocin a zamaninmu ita ce akasin haka: idan mai kafawar ne mai laifi fa? Marcial Maciel ya kafa ƙungiyar Legionaries of Christ a Meksiko a 1941, ya shugabance ta sama da shekara sittin. 'Yan ƙungiyar suna kiransa "Ubanmu", kuma bayan wa'adi ukun da kowa ya sani ya sa su suna ɗaukar wani na musamman, cewa ba za su soki shugaba ba. An daɗe ana kai ƙara ba a saurara ba. A 2006 Vatican ta umarce shi da ya janye daga bainar jama'a ya koma addu'a da tuba, ya mutu a 2008. Bayan an aika bishop-bishop sun yi bincike, ranar 1 ga Mayu 2010 Fadar ta fito fili ta ce ya aikata manyan laifuka. A 2019 ƙungiyar da kanta ta fitar da rahoto cewa ya yi lalata da yara aƙalla 60.

Mutane da yawa sun zaci za a rushe ta. Fafaroma Benedict na 16 ya zaɓi gyara: ya naɗa Velasio De Paolis wakilinsa a kan ƙungiyar, aka sauke hotunan Maciel daga gidajenta, aka daina bikin ranar haihuwarsa, aka sake rubuta tsarin mulki, babban taron 2014 ya zaɓi sabbin shugabanni ya kuma nemi gafarar waɗanda aka cuta. Hujjar masu goyon bayan wannan hanya ita ce baiwar da ake kafa ƙungiya a kanta daga Allah take zuwa ga coci, ba ta lalacewa da lalacewar wanda ta biyo ta hannunsa. A ganina wannan hujja tana da rauni a nan. Sashe na 578 ya ce a koma ga nufin mai kafawa, alhali a wannan karon nufin nasa ne abin tuhuma, domin shi ya tsara dokokin da suka rufa masa asiri. Kuma doka ta riga ta hana wasu abubuwan da suka faru: sashe na 630 ya hana shugaba sauraron iƙirarin zunuban na ƙasa da shi sai in su suka nema, ya kuma hana tilasta musu bayyana masa sirrin zuciyarsu. Dokar tana nan, masu aiwatar da ita ne suka yi shiru gaban mutum mai kawo kuɗi da sabbin fada-fada.

Ba kullum ake gyara ba. Ƙungiyar Sodalicio ta ƙasar Peru, wadda Luis Fernando Figari ya kafa a 1971, an kori shi Figarin daga cikinta a 2024, a 2025 kuma aka rushe ta baki ɗaya da amincewar Fafaroma Francis. Sashe na 584 ya ce Fadar Fafaroma kaɗai ke da ikon rushe ƙungiya, ita kuma ke yanke inda dukiyarta za ta tafi. Ko bishop ɗin da ya kafa ta da hannunsa ba shi da wannan iko. Haɗe ƙungiyoyi biyu ma haka ne, abin da ke yawan faruwa yanzu a Turai da Amurka inda sistoci suka tsufa ba masu maye gurbi.

Yawancin sauyi kuwa ba abin kunya ne ke kawo shi ba, zamani ne. 'Yan Faransis sun yi ta jayayya kan ma'anar talauci har Fafaroma Leo na 10 ya raba su gida biyu a 1517, reshe na uku na 'yan Capuchin ya ɓalle a 1528, kowa kuma yana cewa shi ne ya fi riƙo da tafarkin uban tafiyar. Babban Taron Vatican na Biyu, wanda ya tara bishop-bishop na duniya, ya mai da wannan koma-baya-don-ci-gaba doka a 1965: kowace ƙungiya ta koma ga Linjila da ruhin wanda ya kafa ta, sannan ta daidaita da halin da duniya ke ciki. Shekara ɗaya bayan haka Fafaroma Paul na 6 ya umarci kowacce ta kira babban taro na musamman. Daga nan ne tufafin sistoci da yawa suka sauya, aikin wasu ma ya sauya.

Katolikan arewacin Najeriya sun san wani misali ko da ba su lura ba. Fada-fadan SMA, ƙungiyar masu kai bishara Afirka, waɗanda suka sauka Shendam a 1907, Bishop Melchior de Marion Brésillac ne ya kafa ƙungiyarsu a birnin Lyon na Faransa a 1856. A 1859 zazzaɓin shawara ya kashe shi a Freetown ta Saliyo, makonni kaɗan da isarsa. Shekara uku bai cika ba tare da ƙungiyar. Augustin Planque ne ya riƙe ta kusan shekara hamsin ya ba ta siffarta. An kafa ta ne don Turawa su kai bishara Afirka su horar da fada-fada 'yan ƙasa su miƙa wa dayosis, sai babban taronta na 1983 ya buɗe ƙofa ga 'yan Afirka su shiga ita kanta ƙungiyar, yau kuma 'yan Najeriya suna cikin masu riƙe da ita.

Darasin Maciel da ire-irensa ya sa an taɓa dokar tun daga tushe. A da sashe na 579 ya bar bishop ya kafa sabuwar ƙungiya a dayosis ɗinsa bayan ya tuntuɓi Roma kawai. A watan Nuwamba na 2020 Fafaroma Francis ya sauya kalmomin: yanzu sai da rubutaccen izini daga Fadar Fafaroma. Wannan ya shafi ƙasashe irin Najeriya kai tsaye, inda ake yawan samun fada ko sista da ke tara matasa, a ɗinka musu tufafi iri ɗaya, a fara kiran kai ƙungiya. Iyayen da 'yarsu ke son shiga irin wannan gida suna da haƙƙin tambayar ofishin bishop ko akwai takardar kafawa, da kuma matsayin da aka ba gidan. Duk ƙungiyar zuhudu da bishop ya kafa bayan wannan sauyi ba tare da izinin Roma ba, kafuwarta ba ta inganta ba a idon doka.