Ruwan naƙuda, ƙari da aiki: tambayoyin masu ciki a Legas

Me ya sa ake saka wa mace ruwan naƙuda?

Ruwan da ake ɗaurawa yana ɗauke da oksitosin, sinadarin da jikin mace yake yi da kansa don mahaifa ta murɗa. Akan saka shi idan ciki ya wuce mako 41, ko faya ta fashe naƙuda ba ta taso ba, ko hawan jini ya tsananta. Ciwonsa yakan fi na naƙudar da ta zo da kanta zafi, kuma murɗawar tana zuwa kurkusa, shi ya sa ungozoma take yawan sauraren bugun zuciyar jariri. Abin tsoro shi ne masu karɓar wannan allura ko ƙwayar naƙuda a kemis ko a gida don "a yi sauri". Mahaifa tana iya fashewa, kuma mai zubar da jini a Agege ko Mile 12 ba ta da lokacin zama cikin cunkoson motoci.

Dole ne a yi wa mai haihuwar fari ƙari, wato ɗan yankan da ake yi don faɗaɗa hanyar fitowar jariri?

A'a. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ba su goyi bayan yi wa kowace mace ƙari ba, sai da dalili, kamar jariri ya galabaita ana son fito da shi da gaggawa. Ki yi tambayar tun ranar awo.

Allurar baya fa?

Tana kashe ciwo sosai, amma takan tsawaita lokacin yunƙuri, ta kuma sa awon jini ya yi ƙasa, don haka ake haɗa ta da ƙarin ruwa. Allurar fetidin kuwa, wata allurar rage ciwo ta daban, tana ratsawa zuwa ga jariri, ya fito da barci, ya yi nawar kama nono.

An yi mini aiki, nono bai zo ba. Na ba shi madara?

A nan mata da yawa suke karaya. Bayan tiyata nono yana iya jinkirin kawowa, amma ko wadda ta haihu da kanta sai kwana 2 zuwa 3 yake cika. Ɗan ruwan nan mai kauri, dakashi, da wasu tsofaffi suke cewa a matse a zubar, shi ne abincin farko, kuma ya ishi ɗan cikin jariri. Tsotso ne yake kiran nono. Da an cika shi da madara ko ruwan zam-zam, tsotson ya ragu, nonon ma ya ja baya. Yawancin aikin yanzu da allurar baya ake yi, uwa tana farke, saboda haka ki roƙa a ɗora miki shi a ƙirji, fata da fata, cikin sa'ar farko. Idan ɗinki yana damun ki, ki kwanta a gefe, ko ki riƙo shi ta ƙarƙashin hammata. Madara sai likita ya ga buƙata.

Mene ne aikin maigida, tunda ba ya shiga ɗakin haihuwa?

A gida Arewa mace takan tafi goyon ciki wajen iyayenta. A Legas sau da yawa daga ita sai mijinta da maƙwabciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar mace da wanda ta zaɓa ya zauna da ita, domin masu ɗan rakiya naƙudarsu takan fi gajarta, kuma ba a cika kai su ga aiki ba. Sai dai ɗakin da ke da gadaje da yawa ba ya ba namiji damar shiga, to a nemi izinin 'yar'uwa.

Shi kuma ya bar wayarsa a kunne, ya tanadi kuɗi da mai ba da jini tun wata na takwas. Idan likita ya ce aiki, kada ya tsaya bugo waya Kano ko Sakkwato ana shawarar dangi. Bayan an sallamo su, ɗibar ruwa da ɗaga kaya masu nauyi nasa ne har mako 6.