Ma'anar Kalmar "Pronounce" da Wuraren da Ake Amfani da Ita

Yawancin ɗalibai sun fara sanin kalmar "pronounce" ne a darasin lafazin Turanci, musamman lokacin shirin jarrabawar WAEC ko NECO, inda malami zai rubuta kalma a allo ya ce kowa ya furta ta. Wannan ita ce ma'anar da aka fi sani, wato fitar da sautin harafi ko kalma yadda masu harshen suke fitar da shi, kamar yadda ake rubuta harafin k a farkon "knife" amma ba a furta shi.

Sai dai kalmar tana da wata ma'ana mai nauyi, wadda a ganina ita ce masu fassara ya kamata su fi lura da ita. Asalinta daga Latin ne, "pronuntiare", wato yin shela a bainar jama'a, ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 14, kuma tushensu ɗaya da "announce". Saboda haka idan mai iko ne ya yi maganar, ba lafazi ake nufi ba, ana nufin furucin da yake zartar da abu. Alƙali idan ya yi "pronounce sentence", hukunci ya yanke. Idan jarida ta rubuta "he was pronounced dead", likita ne ya duba mutumin ya tabbatar rai ya yi halinsa, kuma wanda ya fassara wannan da "an furta shi matacce" ya ɓata labarin, domin Bahaushe cewa yake yi likitoci sun tabbatar da rasuwarsa. Haka nan a bikin coci, da zarar mai ɗaurin auren ya ce "I now pronounce you husband and wife", ya ayyana su miji da mata ke nan.

Akwai kuma siffar "pronounced", wadda ba ruwanta da magana, tana nufin abin da ya fito fili ƙarara, kamar bambancin da ba ya ɓoyuwa.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne sunan da aka samo daga kalmar. "Pronunciation" ake rubutawa, babu harafin o bayan n na farko, kuma gaɓa ta biyu "nan" ake faɗinta, ba "naun" ba. Sanarwar hukuma kuwa, ko furucin alƙali, "pronouncement" ake ce masa.